Tsinke ɗaya ko juyi uku: X3D da A-Frame wajen juya abu a fagen 3D

Duk wanda ya fara rubuta fage mai tsawo da faɗi da zurfi da hannunsa, ranar farko daɗi take yi masa. Ya rubuta layi biyu, akwati ya bayyana a burauza. Ya canja lamba ɗaya, akwatin ya matsa dama. Ya ƙara wata, ya yi girma. A rana ta biyu ne wahala take sallama, lokacin da ya so ya kwantar da ganga a gefenta ko ya buɗe ƙofa. Sai ka ga ƙofar tana juyawa a tsakiyarta kamar fanka, gangar kuma ta kwanta ta fuskanci inda ba a aike ta ba. Matsar da abu da ƙara masa girma hankali yana kama su nan take. Juyi kuwa sai an zauna da shi, kuma a wurinsa ne harsunan rubuta fage suka fi rabuwa da juna.

Biyu zan gwada, domin su ne mai son saka fagen 3D a shafin intanet ba tare da dogon shiri ba zai fi cin karo da su. Na farko X3D, magajin wani tsohon harshen rubuta fage mai suna VRML. Shi VRML tun 1994 Mark Pesce da Tony Parisi suka fara nuna tunaninsa, ya zama ma'aunin ISO, hukumar tsara ma'auni ta duniya, a 1997, daga baya ƙungiyar Web3D ta sake masa tufafi da XML ya koma X3D. Yau ana buɗe shi a burauza ta hanyar X3DOM, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta fitar, ko ta X_ITE. Na biyu A-Frame, wanda ma'aikatan Mozilla suka saki a watan Disamba na 2015, an gina shi a kan three.js, wani tarin shirye-shiryen JavaScript na zana 3D, ana rubuta shi kamar HTML na yau da kullum.

Filin wasansu ɗaya ne. X yana tafiya dama, Y sama, Z yana fitowa daga allo zuwa fuskarka, awo kuma da mita. Dokar alkiblar juyi ma ɗaya ce: miƙa babban yatsan hannun dama ya bi layin da za ka juya a kansa, inda sauran yatsun suka lanƙwashe nan ne juyi mai lamba tabbatacciya yake bi. Idan layin Y ne kana kallo daga sama, juyin saɓanin hannun agogo ne, alkiblar da ake bi wajen ɗawafi. Daga nan hanya ta rabu.

X3D yana tunani irin na mai tsire. Ka soke nama da tsinke, ka murza tsinken. Abu biyu kawai ake tambayarka: ina tsinken ya fuskanta, kuma nawa za ka murza? Shi ya sa lambobinsa huɗu ne, uku na farko alkiblar tsinke, ta huɗu yawan murzawa:

<Transform rotation='0 1 0 0.7854'>

Ma'ana tsinken yana tsaye a kan Y, an murza shi digiri 45. Wannan ba dabarar masu kwamfuta ba ce. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar tun 1775 cewa duk yadda ka jujjuya abu a kan ɗigo guda, komai yawan juyin, ana iya kaiwa ga wannan matsayi da murzawa ɗaya a kan tsinke ɗaya.

A-Frame kuwa tunanin fankar tsaye yake yi. Wuyanta yana kaiwa dama da hagu, kanta yana ɗagawa sama ko ya sunkuya, fukafukanta suna juyawa. Lambobi uku ne, na X da na Y da na Z, duka da digiri:

<a-box rotation="0 45 0"></a-box>

Wanda ya ga layukan nan biyu zai ce ai magana ta ƙare, A-Frame ya fi sauƙi. Wajen karantawa gaskiya ne, kuma ba zan rage masa wannan ba. Kowa ya san digiri 90 tun firamare, amma 1.5708 sai wanda ya saba da radiyan, awon kusurwar da X3D yake amfani da shi. Sai dai ina ganin mutane suna ba wannan bambanci nauyin da bai kai ba. Lambobi biyar ne za ka riƙe: 0.5236 na digiri 30, 0.7854 na 45, 1.5708 na 90, 3.1416 na 180, 6.2832 na zagaye cikakke. Sauran ka ninka digirin da 0.01745. Mako ɗaya ya isa su zauna a kai. Tun daga fitowa ta 3.3 ma X3D ya ba da damar ka sanar a kan fayil, da alamar unit, cewa da digiri za ka rubuta kusurwa, sai dai ka gwada a manhajar da za ka yi amfani da ita kafin ka dogara da hakan. Shi ma A-Frame bai raba ka da radiyan har abada ba. Ranar da ka shiga JavaScript ka taɓa object3D.rotation kai tsaye, radiyan yake karɓa, kuma wanda ya rubuta 90 a wurin ya murza abinsa fiye da zagaye goma sha huɗu.

Inda bambancin gaske yake shi ne lokacin da juyi ya zama biyu.

Ɗauki wayarka ka riƙe ta a tsaye tana kallonka. Sunkuyar da kanta zuwa gare ka digiri 90, fuskarta ta kalli ƙasa. Wannan juyin X ne. Yanzu juya ta a kwance digiri 90 saɓanin hannun agogo, juyin Y ke nan. Ta ƙare a kife, kanta yana nuna dama. Mayar da ita yadda take, ka sake, amma ka fara da Y: fuskarta ta kalli dama, sannan ka kawo kanta wajenka. Yanzu a gefenta take kwance, fuska dama, kai yana nuna ƙirjinka. Juyi biyu iri ɗaya, matsayi biyu daban. A lissafin juyi, wanda ya riga shi ne yake shimfiɗa wa na baya tabarma.

A-Frame ya yanke wannan hukunci a madadinka. Jerinsa YXZ ne, daidai da fankar nan: wuya ne yake ɗauke da kai, kai yake ɗauke da fukafukai. Idan ka rubuta rotation="90 90 0" za ka sami wayar da ta kife kanta yana nuna dama. Ɗaya matsayin kuma ba za ka same shi ta musanya lambobin ba, domin jerin ba ya canjawa, sai ka nemo wasu lambobin dabam. Wannan jeri ya dace ƙwarai da kyamara, da kan mutum, da mota, da duk abin da yake da sama da ƙasa na dindindin, kuma ba mamaki, tunda don tabaran gani da ake ɗaurawa a kai aka fara ƙera A-Frame.

A X3D, wannan matsayi na waya a kife da layi ɗaya haka yake:

<Transform rotation='0.577 0.577 -0.577 2.0944'>

Digiri 120 a kan tsinken da ya ratsa kusurwa. Ɗaya matsayin kuma lambobin nan ne, an cire alamar ragi kawai. Babu mai fitar da wannan da ka sai ƙwararre, kuma a nan ne masu koyo da yawa suke fushi su bar X3D. Ina jin takaicin hakan, domin harshen bai taɓa neman ka yi wannan lissafin ba. Abin da yake so ka yi shi ne ka saka Transform, wato alamar da take ɗauke da juyin, cikin wani Transform:

<Transform rotation='0 1 0 1.5708'>
<Transform rotation='1 0 0 1.5708'>
<Shape>...</Shape>
</Transform>
</Transform>

Na ciki ne yake fara aiki a kan abin, sannan na waje ya ɗauki duka ya juya. Kana son ɗaya jerin? Sauya musu wuri. Rubutun ya fi tsawo, amma jerin yana gabanka a fili, kai ka zaɓe shi, wanda zai karanta fayil ɗin bayan shekara biyar zai gane abin da ka nufa. Ra'ayina shi ne duk mai rubuta X3D da hannu ya riƙe ƙa'ida ɗaya: Transform guda, tsinke guda, kuma tsinken ya zama X ko Y ko Z tsantsa. Lambobi irin 0.577 a bar wa manhaja ta fitar da su. A-Frame ma yana karɓar wannan salo na saka a-entity cikin a-entity, alamarsa ta riƙe abu a fage, kuma masu gogewa a cikinsa nan suke komawa idan lambobi uku suka gaza.

Suna gazawa kuwa, a wani wuri da kowa yake takawa tun ranar farko. Koma ga fankar. Ɗaga kanta har ta kalli rufin ɗaki sak. Yanzu kaiwa da komowar wuya da juyawar fukafukai sun zama abu ɗaya, duka a kan layin tsaye suke. Lambobi uku kake da su, amma biyu suna aiki ɗaya, alkibla guda ta ɓace maka. Injiniyoyin kumbon Apollo sun yi fama da irin wannan cijewar a na'urarsu mai zobba uku, har matuƙan sai sun riƙa kauce wa wasu matsayai. A A-Frame abin yana faruwa idan X ya kai 90 ko -90, kuma wani layi da ake yawan rubutawa a harshen, na shimfiɗa daɓe, shi ne rotation="-90 0 0". Gwada "-90 30 0" da "-90 0 30" da "-90 10 20" a kan tabarmar da ka shimfiɗa: matsayi ɗaya za ka gani sau uku. Idan tabarmar za ta zauna a wurinta ne babu komai. Idan za ka karkata ta ko ka motsa ta daga wannan matsayi, sai ka naɗe ta cikin uwa, wato wani a-entity na waje, ka juya uwar. Tsinken X3D ba ya cijewa, tunda babu juyin da yake hawan wani a cikinsa.

Sai ƙofa, wadda ita ce jarrabawar da nake ba kowane harshe. Akwati a duka biyun yana juyawa ne a cibiyarsa, ƙofa kuwa a hinjinta take juyawa. Ƙofa mai faɗin mita 0.9, hinjin yana nisan 0.45 daga tsakiya. X3D yana da gurbi na musamman don wannan:

<Transform translation='0 1 0' center='-0.45 0 0' rotation='0 1 0 1.5708'>
<Shape><Box size='0.9 2 0.05'/></Shape>
</Transform>

Gurbin center yana ɗauke tsinken daga tsakiya ya kafa shi a gefe, ƙofar kuma tana nan inda ka ajiye ta. Ma'aunin ya fayyace jerin aikin: a fara da girma, sannan juyi a kan center, sannan matsarwa. A-Frame ba shi da wannan gurbi. Sai ka kafa uwa marar jiki a wurin hinji, ka rataya ƙofar a jikinta:

<a-entity position="-0.45 1 -3" rotation="0 90 0">
<a-box position="0.45 0 0" width="0.9" height="2" depth="0.05"></a-box>
</a-entity>

Yana aiki sarai. Ƙofa ɗaya ba ta da wahala. Amma ka yi tunanin kabad mai murfi shida, ko hannun injin haƙa mai gaɓa huɗu, kowace gaɓa da uwarta da lissafin nisanta sau biyu, ɗaya da ragi ɗaya babu. Ka canja faɗin ƙofar, wuri uku za ka gyara. A X3D biyu ne.

Motsi ne ya fi raba ni biyu, domin a nan kowanne yana da inda ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau. Fankar sama da za ta yi ta juyawa, a A-Frame layi ɗaya ne:

animation="property: rotation; to: 0 360 0; loop: true; dur: 2000; easing: linear"

A X3D abu huɗu kake bukata: TimeSensor mai ƙirga lokaci, OrientationInterpolator mai fitar da matsayi, da ROUTE biyu, ɗaya daga agogo zuwa mai fitar da matsayi, ɗaya daga shi zuwa Transform. Akwai kuma rami a hanya. OrientationInterpolator gajeriyar hanya yake bi tsakanin matsayi biyu. Ka ce masa ya tashi daga 0 zuwa 6.2832, a wurinsa matsayi ɗaya ne, fankar ba za ta ko motsa ba. Ka ba shi 0 da 3.1416, hanyoyin biyu tsawonsu ɗaya, ma'aunin da kansa ya ce ba a ayyana wadda za a bi ba. Dole ka raba zagayen aƙalla kashi uku, kowanne ƙasa da rabi:

key='0 0.333 0.667 1'
keyValue='0 1 0 0, 0 1 0 2.094, 0 1 0 4.189, 0 1 0 6.283'

Ga taya, ga fanka, ga duniya tana juyawa a darasin labarin ƙasa, A-Frame ya yi nasara ba gardama.

To amma canja aikin. Buta ce a tsaye, kana so ta karkata, ta juya bakinta, ta ƙare a wani matsayi na zuba ruwa. A-Frame zai ɗauki lambobin uku ya ja kowacce ita kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Idan juyin ƙanana ne ba za ka lura ba. Idan manya ne, butar takan yi wani lilo a tsakiyar hanya, ta bi ta inda hannun mutum ba zai bi ba, musamman in X ya kusanci 90. Wannan gajeriyar hanya da ta hana fankar X3D motsi, ita ce a nan take ba ka motsi mai santsi da gudu ɗaya, a kan tsinke ɗaya, daga matsayi zuwa matsayi. Asalin lissafin kwataniyon ne, lambobi huɗun da William Rowan Hamilton ya gano a Dublin a 1843, Ken Shoemake kuma ya shigo da su harkar motsa hoto a kwamfuta a 1985. Duk mai nuna yadda ake harhaɗa inji, ko yadda gaɓar jiki take lanƙwasa, wannan santsin yake nema.

Bari mai kallo ya juya abu da hannunsa ma X3D ya tanada a cikin harshen: CylinderSensor yana ba shi damar jan abu ya murza a kan layi ɗaya, da minAngle da maxAngle don kada ƙofa ta ratsa bango, SphereSensor kuma ya sake masa abin ya juya shi ta kowace fuska. A A-Frame sai ka rubuta JavaScript ko ka ɗauko ƙarin da wani ya rubuta.

Wata magana a gefe, ga masu zana abu a Blender su shigo da shi. Blender Z yake ɗauka a matsayin sama, harsunan nan biyu kuwa Y. Idan motarka ta shigo tana tsaye a kan hancinta ko ta kwanta rigingine, ba kai ka ɓata ba, juyin digiri 90 a kan X ne ya ɓace a hanya, yawanci -90 ko -1.5708 yake gyarawa. Idan kuma ka buɗe fayil ɗin glTF, wani tsarin ajiye siffar 3D, ka ga rotation da lambobi huɗu, kada ka kwafe su cikin X3D don ka ga adadinsu ya zo ɗaya. Na glTF kwataniyon ne. Wayar nan da ta kife, a can 0.5, 0.5, -0.5, 0.5 take. Abu mafi aminci shi ne kada ka taɓa cikin fayil ɗin, ka naɗe shi cikin Transform ko a-entity ka juya daga waje. A-Frame yana ɗaukar glTF kai tsaye, X3D ma daga fitowa ta 4 yana ɗauka.

To wanne za ka ɗauka? Ni tambayar da nake yi kafin komai ita ce: bayan na ajiye abin nan, me zai yi?

Idan zama zai yi, kujeru da bango da alluna a ɗakin baje koli da mutum zai zagaya, kusan duk juyinka a kan Y ne, digiri 45 nan, 180 can. A-Frame ne naka, kada ka wahalar da kanka. Haka in ɗalibai za ka koya wa a zama biyu ko uku, waɗanda suka ɗan san HTML: digiri zai bar su su ga sakamako kafin gajiya ta zo. Haka kuma in tabaran gani kake nufi da aikin, tunda don su aka yi shi.

Idan abin yana da gaɓoɓi, murfi, hinji, ƙafa mai naɗewa, ko zai tashi daga wani matsayi zuwa wani ana kallo, X3D nake zaɓa ko da rubutun ya fi yawa. Gurbin center, da tsinken da ba ya cijewa, da gajeriyar hanya, da na'urorin ja da hannu, duka suna cikin harshen ba tare da layin JavaScript ko ɗaya ba. Akwai kuma maganar daɗewa, wadda nake ba muhimmanci ƙwarai. Layin rotation 0 1 0 1.5708 da aka rubuta a fayil ɗin VRML a 1997 ma'anarsa ba ta canja ba har yau, kuma manhajar zanen allon lantarki KiCad tana iya buɗe fayilolin VRML wajen nuna siffar kayayyaki. A-Frame tarin shirye-shiryen JavaScript ne mai sabuntawa, shi kansa salon animation da na rubuta a sama ya maye gurbin wata tsohuwar alama ce, a-animation, da aka cire a 2019. Wanda yake adana siffar kayan tarihi ko zanen injin da za a buɗe bayan shekara ashirin ya saka wannan a ma'auni.

In har yanzu zuciyarka ta rabu, kada ka gwada su da akwati, domin akwati kowa yana iya shi. Gina fankar tsaye a duka biyun: gindi, wuya mai kaiwa digiri 40 dama da hagu, kai da ya sunkuya digiri 15, fukafukai uku masu juyawa. A kowanne za ka bukaci hawa uku, wani cikin wani, Y a waje, X a tsakiya, Z a ciki. Fukafukan za su fi sauri a A-Frame. Wajen sunkuyar da kan a daidai gaɓar wuya, ba a tsakiyar injin ba, za ka nemi center. Bayan ta tashi, ƙara mata maɓallin da mai kallo zai murza da linzami daga 0 zuwa 3, ka duba a wane fayil ka gama shi kafin la'asar.